Abin da Ɗiyar Baturen Ta Ce

Sallama gare ku, ku masu bin labarin nan a waya. Na ga saƙonninku. Wata ta rubuto daga Gusau, wai tsoho kamata ba shi da hurumin rubuta labarin soyayya. Wani ya ce in ƙara tsawo. Wata ta zage ni, ta jera fuskoki masu kuka har biyar. Ban amsa wa kowa ba. Shekarata saba'in da shida, da yatsa ɗaya nake rubutu, idona kuma ya gaji.

Saƙo ɗaya ne ya tsaya mini, na ɗiyata Saliha, ya shigo jiya da hantsi:

"Baba ina kwana. Na karanta. Amma ka tsallake batun takardar. In za ka faɗa, ka faɗa duka."

To. Yau zan faɗa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Muhtari, mutumin Ƙauran Namoda. Sana'ata bayani. Ina saurayi na bi motar majigi ƙauye-ƙauye, daga baya na zauna a gidan silima na garinmu, aka ba ni lasifika. Fim na tafiya, ni ina gaya wa mutane abin da ake cewa a ciki. Ba na jin Turanci. Ba na jin Indiyanci. Ban taɓa furta wannan a bainar jama'a ba sai yau. Fuska nake kallo, da hannu, da yadda mutum ya ajiye ƙafarsa, sai in sa masa magana a baki. Shekara ashirin da bakwai ina wannan. Daga Moriki da Kasuwar Daji ake zuwa jin muryata.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara aka rufe silima. Ban yi gardama ba, ni ma na yi kabbara ranar. Na kai lasifikar ƙarƙashin gado, na dawo zaure na zauna. Mutum mai murya da ba shi da inda zai kai ta, a gidansa yake sauke ta. Iyalina sun sha.

Saliha na da shekara ashirin da biyar a lokacin, tana koyarwa a Islamiyyar mata. Kullum hijabinta ruwan toka da alli a gefensa. Mai nemanta Hayatu, mai gyaran rediyo da bidiyo a bakin tasha, wanda ya yi karatu a Foli, kwalejin fasaha ta garinmu. Dogo ne, baƙi wuluk, mai sanyin magana. Ban taɓa jin an ce ya yi kaza ba. Ubansa Buzu ne, cikin waɗanda babban fari ya koro daga arewa, ya yi gadin kasuwar hatsi a Ƙaura shekaru da yawa, da ƙarfinsa ya ƙare ya koma Shinkafi.

Mu kuwa Alibawa ne, Fulani masu asalin sarauta. Kakana yana da gandu a Zurmi, da bayi a cikinsa. Ban gaji gandun ba, ban gaji ko maraƙi ba. Farar fata da dogon hanci kawai na gada, na kuwa riƙe su da kyau.

Ranar da baffan Hayatu ya zo da goro, ya taho da Malam Shamsuddeen, matashin limamin unguwarmu. Abokina Nasidi, dillalin hatsi, yana zaune tare da ni. Na bar su suka gama gaisuwa, suka faɗi abin da ya kawo su. Sai na ce:

"Tabarmar da kakanku ya share, jikansa ba ya zama a kanta ya kira ni suruki."

Na sa suka tashi. Na naɗe tabarmar a gabansu, na jingine ta a kusurwa. Saliha na bayan ƙofa da kwanon ruwan baƙi. Na ji lokacin da ta ajiye shi a ƙasa.

Wata bakwai suka wuce. Ba ta ce mini uffan ba. Tana durƙusawa ta gaishe ni, ta kawo abinci, ta wanke tufafina. Maza biyu suka fito nemanta, ta ce a ba su haƙuri. Uwarta Ladidi ce mai magana.

"Malam, Shari'ar da kay yi ma kabbara fa ta iso har cikin gidanka. Uba ya hana aure ba hujja, alƙali na ɗaura shi. Kowa ya san wanga."

"Ta tai mana. Hanya a buɗe take."

"Kai ma ka san kunyarka ta riƙe ta."

Na sani. Shi ya sa nake barci lafiya.

Wata Laraba Malam Shamsuddeen ya yi sallama a zaure. Tun ranar goro bai sake takowa ba. Ya zauna a kan buhu, don tabarmar na nan a jingine.

Ya ce tun bayan rikicin Kaduna zukata ba su kwanta ba. Matasan masallaci da 'yan kasuwar hatsi da mutanen cocin layin dogo sun kafa kwamiti. Suna so su nuna wani fim kan wariyar launin fata, in an gama a zauna a tattauna. Sun nemi izini, an ba su da sharaɗi: da rana, maza daban mata daban, ba waƙa ba rawa.

"To mi ya kawo ka wurina?"

"Fim ɗin da Turanci ne, Baba. Muna son mai bayani."

"Wa yac ce a kira ni?"

"Kwamiti."

Na yi shiru kamar ina shawara. Ƙarya ce. Tun kafin ya rufe baki na riga na tuna inda lasifikar take.

Ranar Asabar bayan Azahar na sa babbar rigata fara mai aikin zare shuɗi, da hula ƙube, na fesa turare. Ladidi ta kalle ni ta ce, "Ango."

Ajin firamare aka ara. An toshe tagogi da buhunan gero, an ɗaura zannuwa a kan igiya daga bakin allo zuwa bayan aji, maza dama, mata hagu. An ɗora talabijin a kan tebur biyu. Janareto na gurnani a waje. Zafi kamar a tanda. Mutane har bakin ƙofa, mahauta da 'yan tasha da Fulanin da suka zo cin kasuwa, da fasto a gaba da farar rigarsa mai guntun hannu.

A gindin talabijin, tsugune da waya a hannu, Hayatu.

Ya miƙe, ya rusuna. "Baba, an wuni lafiya?"

Na amsa da hanci. Ya karɓi lasifikar, ya hura mata ƙura, ya jona ta, ya miƙo mini da hannu biyu.

Fim ya fara. Wata ƙasa ce can ƙetare. Bature mai gona, jajir, da ƙaton ciki, da ɗiyarsa, da wani baƙin mutum malamin makaranta. Na raɗa wa Baturen Jan Kunne, baƙin kuma Dogo. Aji ya ɗauki dariya. Da Jan Kunne ya zauna cin abinci na ce, "Nan yana cewa, wanga nama ya yi tauri, halan daga Kasuwar Daji anka sawo shi." Mahauta suka yi ihu. Har ta bayan labule na ji mata na ƙyaƙyatawa. Wata goma sha takwas ban ji wannan ba. Jinina ya dawo. Kada ku yi mini dariya, ku da ba ku taɓa rasa sana'a ba.

An nuna inda aka hana Dogo shan ruwa a famfo. Na ba shi magana, aji ya yi tsit. An nuna inda aka sauke shi daga mota. Wani daga baya ya ce, "Allah ya isa!" In an zo wurin da mace ta saki kai, sai Hayatu ya danna maɓalli, hoto ya ruga da gudu. Nasidi ya ce, "Yaro, a hankali, ko za mu ga abin da za mu yi ma istigfari." Har liman sai da ya murmusa.

Sannan aka zo wurin.

Dogo ya sa kwat, ya riƙe hularsa a hannu, ya hau barandar Jan Kunne. Ko ba a gaya maka ba ka san abin da ya kawo shi. Akwai kujera. Ya yi kamar zai zauna. Baturen ya sa ƙafa ya ture ta, ya nuna shi da yatsa, bakinsa na motsi.

Ku gane yadda aikin yake. Ba ka da lokacin tunani. Bakin mutum na motsi, dole naka ya motsa. Abin da ke kusa a cikinka shi kake ɗaukowa. Na kalli jan fuskar nan, na kalli hancin da ya ɗaga, na san mutumin sarai. Sai na ji muryata ta cika ajin:

"Tabarmar da kakanku ya share, jikansa ba ya zama a kanta ya kira ni suruki!"

Na faɗe ta da kyau. Ban taɓa faɗin magana da kyau haka ba.

Wasu suka ce, "Kai! Azzalumi!" Waɗanda suka sani kuwa, kuma rabin unguwa sun sani, suka yi shiru. Malam Shamsuddeen ya sunkuyar da kai. Hayatu bai ɗago daga bidiyonsa ba. Sai Nasidi, wanda bakinsa ba ya da linzami tun muna yara, ya ce:

"Ikon Allah. Ashe Turawa ma na da tabarma."

Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta.

Fim bai tsaya don ni ba. Ɗiyar Baturen ta fito daga ɗaki. Ta tsaya gaban ubanta, hannayenta a sake, ta fara magana. Ta daɗe tana yi. Na kalli fuskarta. Na kalli hannunta. Na kalli yadda ta ajiye ƙafa. Na laluba cikina, ban sami komai ba. Na sa wa sarakuna magana, na sa wa ɓarayi, na sa wa doki ma wata rana. Wannan yarinya ban san me take cewa ba.

Na ce, "Nan tana kuka kawai."

Ba ta kuka. Kowa na gani, idonta a bushe.

Aka yi La'asar, aka dawo tattaunawa. An cire buhu ɗaya don iska. Da farko kowa Jan Kunne yake zagi. Nasidi ya ce, "Zagin Bature ba shi da wuya, yana nesa. A matso kusa mana." Sai fasto ya miƙe. Ya ce a Ƙaura aka haife shi, ubansa ya yi wa jirgin ƙasa aiki har ya mutu a nan, amma har yau in ya shiga kasuwa ana tambayarsa yaushe zai koma garinsu. Wani mahauci ya ce ana cin namansu, ana sallah a bayansu, amma a je neman aure a ji. Wani Bafulatani ya ce shi kuma ɗan daji ake kiransa, ko da ya fi mai kiran karatu. Malam Shamsuddeen ya ja aya, ya ce mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi tsoronsa, ba a ce mafi fari ba. Bai kalle ni ba. Da ya kalle ni da ya fi mini sauƙi.

Mata ba sa magana a irin wannan taro. Rubutawa suke yi, a turo takardun ta ƙarƙashin labule a faifai. Da yake lasifika na hannuna, ni aka miƙo wa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, a hankali nake bi. Na karanta ta farko. Na karanta ta biyu. Na buɗe ta uku.

Na san rubutun. Ni na saya mata fensir na farko.

"Muna tambayar mai bayani. Ya sa wa kowa magana a baki, amma da ɗiyar ta yi magana ya ce kuka take. Ba mu ga hawaye ba. Don Allah ya gaya mana abin da ta ce."

Mutum ɗari na jirana. Na ga ƙafafun mata ta ƙarƙashin zane, na gane silifas ɗinta shuɗi.

Wannan shi ne batun takardar. Na gyara murya na ce, "Mata na godiya. Suna tambaya yaushe za a kawo wani."

Aka yi tafi. Na ninke takardar na tura ta cikin hulata. Silifas ɗin shuɗi ya juya, ya fita.

Shekara ashirin da bakwai ina ƙirƙirar magana ban taɓa jin na yi ƙarya ba. Ranar na ji.

Da mutane suka watse, Hayatu na naɗe wayoyi a gwiwar hannunsa. Na tsaya a kansa. Ban shirya magana da shi ba, bakina ne ya sake riga ni.

"Kai. Kana jin Turanci?"

"Ina taɓawa, Baba."

"Mi Baturen yac ce, wurin kujera?"

"Cewa ya yi, fita mini daga gida."

"Sai mi?"

"Shi ke nan, Baba."

Wato ko Jan Kunne bai kai ni ba.

"Ita ɗiyar fa?"

Ya ci gaba da naɗe wayarsa. "Wannan ba ni ya kamata in gaya maka ba."

Na juya zan tafi, ya ce, "Baba, muryarka na nan yadda take. Muna yara, a bayan katanga muke tsayawa mu saurare ka, ba mu ganin hoton. Naka ya fi nasu daɗi."

Naka ya fi nasu. Ashe ya sani. Tun da ya fara jin Turanci ya san ba abin da ake cewa nake faɗa ba. Ranar nan yana tsugune a gabana awa biyu, kalma ɗaya ta ishe shi ya tsiraita ni gaban gari, bai yi ba.

A hanya Nasidi ya ce, "Ka san wa yac ce a kira ka? Kwamiti malamin Turanci sunka so ɗaukowa daga Foli. Yaron nan ya hana. Wai zaman zaure na kashe ka."

"Rufe min baki."

"Na rufe, Jan Kunne."

Da safe ina zaure, rana ta fara hawa katanga, Saliha ta kawo kunu da ƙosai. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba. Ta ajiye. Ba ta tashi ba.

"Baba, takardata."

"Wace takarda?"

"Wadda ke cikin hularka."

Na so in daka mata tsawa. Na nemi tsawar ban same ta ba. Na gaji, jama'a. Wata bakwai ina riƙe da hanci sama, wuya na ciwo. Na cire hular, na ciro takardar, ta jiƙe da zufa. Ban ba ta ba. Na ce:

"Ban san abin da tac ce ba."

Na ƙara da cewa:

"Ban jin Turanci, Saliha."

"Na sani, Baba. Tun ina aji uku na sani."

Kowa ya sani ke nan, ni kaɗai ke tsaron asirin.

"To ke kin ji. Mi tac ce?"

"Ban kama duka ba, suna sauri." Ta gyara hijabinta, idonta a ƙasa. "Amma in ka yarda in yi irin aikinka, sai in faɗa."

Na ɗaga mata kai.

"Cewa ta yi: Baba, ba ni kai ka gaban alƙali. Ban son a kira sunanka a kotu saboda ni. Ba ni gudu kuma. Ina nan. In dafa maka, in wanke maka, ka tsufa in tsufa. Wani kuma ba ni aure. Amma ka sani, duk safiyar da na durƙusa na gaishe ka, umarnin Allah nake cikawa. Sauran abin da ke tsakanina da kai, ka naɗe shi tare da tabarmar can."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki faifan da ta rufo kunun, ta shiga gida.

Na zauna har kunun ya yi sanyi, ya yi fata. Ina kallon kusurwa. Gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin tabarmar da bango.

Kada ku ce na tuba nan take. Kwana huɗu ina kokawa. Ina tuna kakana da gandunsa, ina tuna abin da dangi na Zurmi za su ce. Sai in tuna ba wanda ya taɓa aiko mini da ko tiya ɗaya ta gero daga Zurmi tun da aka rufe silima. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, na kakkaɓe tabarmar, na ɗaure ta da igiya, na fita. Ladidi na tsakar gida tana tankaɗe. Ta ga tabarmar, ta ga rigar da na sa. Ba ta ce ango ba. Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya."

A tasha na tarar da Nasidi zai je sayen hatsi. Ya kalli abin da ke hammatata.

"Sayarwa za ka yi?"

"In ka ƙara magana na sauka."

Muka shiga mota. A hanya na gane wani abu da ya ba ni kunya: ban san sunan mutumin da zan je gidansa ba. Shekara ashirin ina wuce shi a ƙofar kasuwa, ina cewa, Buzu, an kwana lafiya? Dole na tambayi Nasidi.

"Agali," ya ce. "Malam Agali. Ka riƙe da kyau, kada ka raɗa mai wani."

Gidan na bayan kasuwar dabbobi, ginin ƙasa, zaure ƙarami a share tas. Na yi sallama. Yana zaune a kan wata tabarmar kaba, da baƙin rawani mai shuni ya rufe har baki, yana fifita gawayi a ƙarƙashin 'yar butar shayi. Ya tsufa ƙwarai. Ya amsa, ya dube ni, ya dubi abin da na riƙo. Ya gane ni. Bai tashi ba.

Na shirya yadda zan yi tun a mota. Zan warware tabarmar a gabansa, in ce, Malam Agali, bismillah, zauna. Ni a ganina wannan ya isa. Na sunkuya na fara kwance igiya.

"Bar ta a naɗe," ya ce. "Gidana kaz zo. Bisa tawa za ka zamna."

Na tsaya a sunkuye, igiya a hannu. Tabarmarsa ta tsufa, gefenta ya zare. Ban taɓa zama a shimfiɗar Buzu ba. Na tuna silifas shuɗi yana juyawa.

Na jingine tawa a bango. Na cire takalmi. Na zauna.

Shayin ya nuna. Ya ɗaga butar sama, ya tsiyaya a ɗan kofi, ya mayar, ya sake tsiyayawa. Ya miƙo mini. Kofi ɗaya ne a gidan. Na sha, da ɗaci. Ya karɓa, ya zuba nasa a ciki, ya sha.

Na ce, "Malam Agali, na zo kan maganar yaran nan. Abin da na faɗa, na faɗa. Ban iya maido shi. Na ba Hayatu Saliha, in kuna so."

"In muna so." Ya juya kofin a hannunsa. "Kun yi bincike a kanmu, kun gano kakanmu ya yi shara. Gaskiya ne, ya yi. Bai zaɓa ba. To mu ma da ƙanena ya dawo da goronsa mun yi namu binciken."

"Kun gano mi?"

"An ce ɗan silima ne kai. Shekara talatin kana tara matasa cikin duhu kana yi musu ƙarya. Kai kuwa kai ka zaɓa. 'Yan'uwana sun ce ba mu ɗaukar ɗiyar ɗan silima."

Ni, jikan mai gandu. Na buɗe baki. Amsoshi uku suka zo mini a take, kowace ta fi wata kaifi, sana'ata ce. Na san in na saki ɗaya, Saliha za ta tsufa a gidana tana gaishe ni saboda Allah kawai. Na rufe bakin. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba.

Ya jira. Da ya ga ba abin da zai fito, ya ɗora butar a kan wuta karo na biyu.

"Shekara ashirin da bakwai ne," na ce. "Ba talatin ba."

Rawanin ya motsa kaɗan wajen bakinsa. Ban sani ba ko dariya ce.

"Hayatu ya ce yarinyar ba ta da laifi," ya ce. "Ni ma ban ga laifinta ba. Amma ba ni kaɗai ba ne. Zan tara su in ji. Ka dawo Alhamis."

"Alhamis."

"Kwana bakwai ne. Mu wata bakwai munka yi."

Na sha kofi na biyu, ya fi na farko sauƙi. Na yi masa sallama, na kira shi da sunansa. Na sa takalmi, na fito cikin rana da ƙarar shanu da hayaniyar dillalai.

Sai da na kai bakin tasha Nasidi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ina tabarmar?"

Tana can jingine a zauren Malam Agali. Ya ga na fita ban ɗauka ba. Bai kira ni in ɗauke ta ba.